Cinikin Abincin Dabbobi: Injin Yanka-da-murza Da Makomar Kasuwar Harawa A Kan Iyaka

Duk wanda ke cin kasuwannin Maigatari, Mai'aduwa, Jibiya ko Illela, ko kuma takwarorinsu na tsallaken iyaka irin su Magarya, Matamai, Ɗan Isa da Birnin Ƙonni, ya san cewa abincin dabbobi ya daɗe da fita daga sahun kayan da ake kyauta da su. Harawar wake da ta gyaɗa, ƙowa, dusa, angurya, har ma da karan dawa da a da ake bari a gona makiyaya su cinye, duk sun zama hajar da ake sa wa jari, a ɓoye tun kaka, a fito da ita in bazara ta yi tsanani.

Dalilan hakan a fili suke. Gonaki sun cinye makiyaya da burtali a wurare da dama, rashin tsaro ya rufe dazuzzukan da shanu suka saba zuwa cin rani, dabbobi kuma ƙaruwa suke yi. A Jamhuriyar Nijar, ma'aikatar kiwo takan fitar da lissafin ciyawar da damina ta bari a kowace shekara, kuma a munanan shekaru irin su 2009 da 2021 giɓin ya haura tan miliyan 10 na busasshen abinci. Waɗanda suka ga asarar dabbobin da aka yi a arewacin ƙasar a 2010 ba sa buƙatar a yi musu bayanin ma'anar wannan lissafi. A Nijeriya kuwa, jihar Binuwai ta haramta kiwon sake tun 2017, gwamnonin kudu suka bi sahu da sanarwar Asaba a 2021, sa'annan a watan Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo. Duk waɗannan matakai hanya ɗaya suka dosa: dabbar da aka tsayar wuri ɗaya, dole a kai mata abinci.

Wani abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne lokacin Babbar Sallah. Layya ta faɗo a tsakiyar Yunin 2024, ta dawo farkon Yuni a 2025, lissafi kuma ya kai ta ƙarshen Mayu a 2026, ta ci gaba da matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara har ta shiga Afrilu a 2029. Ke nan shekaru masu yawa a jere, turkar raguna za ta riƙa faɗawa cikin watannin da harawa ta fi tsada, kuma ba za a samu ɗanyar ciyawar da za ta rage wa mai kiwo nauyi ba. Wanda ya mallaki ingantaccen busasshen abinci a waɗannan watanni shi ne zai yi ciniki.

A nan ne batun wani inji da manoman ciyawa na Turai da Amurka da Sudan ke amfani da shi ya shigo. Injin yana yanke ciyawa, ya kuma murje kararta a tafiya ɗaya domin ta yi saurin bushewa, shi ya sa za mu kira shi injin yanka-da-murza. Ko da ɗan kasuwa ba zai taɓa sayen irinsa ba, fahimtar abin da ya sa aka ƙera shi za ta nuna masa inda ribar harawa take zurarewa.

Inda asarar take faruwa

Ɗanyar ciyawa ruwa ce zalla in aka yi la'akari da nauyinta. A lokacin da aka yanke ta, kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na nauyinta ruwa ne, alhali ba za ta ajiyu lafiya ba sai ruwan ya sauka zuwa kashi 15 zuwa 18. Idan aka yanki kilo 1,000 na ciyawa mai ruwa kashi 80, ainihin abincin da ke ciki kilo 200 ne kacal. Kafin ta zama ingiricin da za a iya ajiyewa, sai kusan kilo 765 na ruwa ya fita, a tsira da kimanin kilo 235. Wannan ruwa kuwa rana da iska ne kaɗai ke ɗauke shi.

Matsalar ita ce ganye da kara ba sa bushewa tare. Ganye falale ne, kuma a jikinsa akwai wasu ƙananan ƙofofin numfashi da ido ba ya gani, waɗanda ke buɗewa in akwai haske. Ta nan ne ruwa ke fita da sauri a sa'o'in farko bayan yanka. Da zarar ciyawar ta yi yaushi, ruwanta ya sauka zuwa wajen kashi 60, sai ƙofofin su rufe, bushewa ta koma tafiyar hawainiya. Shi kuwa kara, ga kauri, ga wani siririn rufi mai kama da kakin zuma da Allah Ya lulluɓe shi da shi domin hana ruwa fita. Abin da ke kare tsiro daga fari yana raye, shi ne ke hana shi bushewa bayan an yanke shi.

Sakamakon haka, manomi yana tsakanin asara biyu. In ya kwashe da wuri, ganye ya bushe amma kara na da danshi, sai dami ya yi zafi ya yi fumfuna. In ya jira kara ya bushe, ganye ya riga ya ƙeƙashe, da an taɓa shi sai ya kakkaɓe ya zube a gona. Alhali ganyen ne kuɗin. A tsirrai dangin wake, kamar alfalfa da harawar wake da ta gyaɗa, kusan kashi biyu cikin uku na sinadarin gina jiki, wato furotin, a ganye yake. Buhun harawar da ganyenta ya zube, itace kawai mai saye ya biya kuɗinsa.

Bugu da ƙari, ciyawa ba ta mutuwa nan take in an yanke ta. Tana ci gaba da numfashi tana ƙona sukarin da ke jikinta har sai ruwanta ya ragu sosai. Kowane yini da ta ƙara a shanye, wani ɓangare na ƙarfinta ya tafi, rana kuma tana kashe koren launinta tare da sinadarin da dabba ke samun bitamin A daga gare shi. In kuma ruwan sama ya same ta, sai ya wanke abin da ya rage.

Yadda injin yake aiki

Kafin shekarun 1960, manoman Amurka sukan yanke ciyawa da inji ɗaya, su dawo da wani daban su murje ta. A 1964 ne kamfanin New Holland ya fito da injin da ya sa wa suna Haybine, wanda ya haɗa ayyukan biyu a jiki ɗaya. Daga baya kamfanoni irin su Kuhn na Faransa, Claas da Krone na Jamus da John Deere na Amurka suka riƙa ƙera nasu. Tarakta ce ke jan mafi yawansu, ita kuma ke ba su ƙarfin juyawa.

Gaban injin shi ne mayanki. Na da yana da jerin wuƙaƙe masu kai da komowa, na zamani kuwa faya-fayan ƙarfe ne masu juyawa da gudu, kowanne ɗauke da 'yan wuƙaƙe a gefensa. Da ciyawa ta yanku sai ta faɗa cikin sashen murza, wanda iri biyu ne.

Na farko rola ce guda biyu, ɗaya bisa ɗaya, na roba ko na ƙarfe masu haƙora, suna juyawa suna fuskantar juna kamar dai yadda injin murza taliya ke yi. Ciyawa na bi ta tsakaninsu, sai su lanƙwasa karan su fasa shi duk bayan santimita 7 zuwa 10. Ta waɗannan tsagogi ne ruwan cikin kara ke samun hanyar fita. Wannan irin shi ya dace da tsirrai masu lallausan ganye irin alfalfa da lablab da wake, domin yana fasa kara ba tare da ya tsige ganye ba, matuƙar an daidaita shi. Ga alfalfa, tazarar da ake bari tsakanin rola biyun ba ta wuce milimita 2 ko kusa da haka ba. Masana aikin gona kan shawarci mai inji ya tsaya ya duba bayan ya yi 'yar tafiya: ana so a ga kusan tara cikin kowane kara goma sun fashe, amma ganyen da ya ƙuje ya yi baƙi ya zama ƙalilan ƙwarai. In ganye ya yi ta baƙi, matsin ya yi yawa.

Na biyu wata sanda ce mai juyawa, an jera mata 'yan yatsun ƙarfe ko na roba. Yatsun na bugun ciyawar suna goga ta a jikin murfin injin da kuma jikin 'yar uwarta, sai wannan rufi mai kama da kaki ya kankare. Irin wannan ya fi dacewa da ciyawa mai siririn kara irin su ciyawar Rodes da dangin gamba da kyasuwa. In aka sa shi a gonar alfalfa ko wake, yakan kakkaɓe ganye ya jawo asarar da aka saye shi domin gudunta.

A bayan injin akwai fukafukan ƙarfe da ake buɗewa ko tsukewa domin a zaɓi faɗin layin da ciyawar za ta zuba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gwaje-gwajen jami'o'in Amurka sun nuna cewa baza ciyawa ta rufe kashi 70 ko fiye na faɗin wurin da aka yanka yana sa ta bushe da sauri fiye da tara ta a siririn layi mai tudu, domin hasken rana na kai wa ga mafi yawan ganye, ƙofofin numfashin nan su daɗe a buɗe. Bazawa ce ke taimakon yinin farko, murza kuma ta taimaki kwanakin da ke biye, lokacin da saura ruwan kara kaɗai. In an haɗa biyun, akan rage yini ɗaya ko biyu daga kwanakin shanya.

Abin da injin ba ya yi

Mai karatu kada ya ɗauka injin yana busar da ciyawa da kansa. Hanya kawai yake buɗe wa ruwa; in babu rana da busasshiyar iska, ba abin da zai faru. Hasali ma ciyawar da aka murje ta fi saurin lalacewa in ruwan sama ya dake ta, domin tsagogin da ruwanta ke fita ta nan ne na sama ke shiga ya wanke sukarinta. Amfaninsa shi ne ya taƙaita kwanakin da ciyawa za ta yi a fili, ta yadda manomi zai iya kammala aiki a ɗan tsakanin ruwa da ruwa.

Haka kuma ba ya ɗauke wa mutum wajibcin tabbatar da bushewa kafin ɗauri. Ciyawar da aka cure da danshi fiye da kashi 20 takan ɗauki zafi saboda ƙwayoyin halitta da ke cin ta. In zafin tsakiyar tarin ya kai digiri 65 a ma'aunin salshiyos an shiga haɗari, in ya doshi 80 wuta na iya tashi da kanta ba tare da kowa ya kyasta ashana ba. Gobarar rumbunan ciyawa ta wannan hanya sananniya ce a ƙasashen da ke noman ta da yawa, kuma duk mai tara harawa a ɗaki ko shago ya kamata ya san da ita.

Darasin Sudan da Saudiyya

Wanda ke shakkar cewa busasshiyar ciyawa na iya zama babbar hajar ƙasa da ƙasa, ya dubi gabas. Saudiyya ta shafe shekaru tana noman alkama da alfalfa a hamada da ruwan ƙarƙashin ƙasa, har ta ga ruwan na ƙarewa. Ta fara janye hannu daga alkama tun 2008, sa'annan a watan Disamban 2015 majalisar ministocinta ta yanke shawarar tsayar da noman ɗanyar ciyawa a manyan gonaki cikin shekaru uku. Shanun madararta kuwa ba su daina ci ba. Sai kamfanoninta suka bazama neman ciyawa a waje. Kamfanin madara na Almarai ya sayi gona a jihar Arizona ta Amurka a 2014 domin noman alfalfa yana aikawa gida, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce kan ruwa har gwamnatin jihar ta soke wata yarjejeniyar hayar fili da reshen kamfanin a watan Oktoban 2023.

Sudan, wadda Tekun Maliya ce kawai ta raba ta da Saudiyya, ta ci moriyar wannan kasuwa. A jihar Kogin Nilu da jihar Arewa, masu zuba jari daga ƙasashen Larabawa da na cikin gida sun kafa manyan gonakin alfalfa, wadda a can ake kira barsim, da ciyawar Rodes. Kafin yaƙi, akan shayar da su da dogayen bututun yayyafi masu zagayawa, a yanke da injin yanka-da-murza, a cure dila-dila kamar gwanjo, a kai Fot Sudan a loda a jirgin ruwa zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Saudiyya. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya dagula tattalin arzikin ƙasar baki ɗaya, amma abin da aka yi kafin nan ya isa shaida.

Abin lura shi ne, a arewacin Sudan ruwan sama ba matsala ba ne, to me ya sa ake murza ciyawa? Dalilin shi ne a ƙasa mai zafi ana iya yankar alfalfa kusan duk wata, sau takwas zuwa goma ko fiye a shekara. Muddin yankakkiyar ciyawa na kwance a gona ba za a sake ban ruwa ba, sabon toho kuma yana jira. Yini biyun da aka rage a kowane yanka, in aka tara su a shekara, sun kusa ba da ƙarin yanka guda. Sa'annan mai saye a Dubai ko Riyad da gwaji yake saye: yawan furotin, yawan danshi, koren launi da yawan ganye su ke yanke farashi.

Shin zai yi aiki a yankinmu?

A nan sai an yi hattara, domin ba kowace matsalar bushewa ce iri ɗaya ba. Harawar wake da ta gyaɗa, wadda ita ce ƙashin bayan cinikin kan iyaka, ana tattara ta ne daga Oktoba zuwa Nuwamba bayan an cire 'ya'ya, lokacin da ruwa ya ɗauke, iska ta fara bushewa. Matsalarta ita ce wuce gona da iri wajen bushewa da zubewar ganye. Ga shi kuma yawancin waken a tsakanin gero ko dawa ake shuka shi, yana yaɗo a ƙasa, a gonakin da ba su wuce hekta ɗaya ko biyu ba, masu kunya-kunya da kututture da itatuwan gawo. Injin da faɗinsa ya kai mita uku, mai buƙatar tarakta mai ƙarfin doki 70 zuwa sama da shimfiɗaɗɗen fili, ba shi da abin yi a irin wannan gona. Wanda ya ce zai sayar wa ƙaramin manomin wake wannan inji, kuɗinsa kawai yake so.

Wurare biyu ne injin zai iya yin tasiri. Na farko shi ne ciyawar daji da ta makiyayan da aka keɓe. Gamba, kyasuwa, harkiya, gadagi da makamantansu sun fi amfani ga dabba kafin su yi fure ko suna fara yi, wato daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba, daidai lokacin da ruwa ke sauka kusan duk bayan kwana biyu ko uku. Saboda tsoron ruɓewa, jama'a kan bari sai ruwa ya ɗauke su yanka, alhali a lokacin ciyawar ta riga ta tsufa. Furotin ɗin da ke kai kashi 8 zuwa 12 tana ɗanya yakan faɗo ƙasa da kashi 4 in ta bushe a tsaye, kuma tumbin saniya na buƙatar wajen kashi 7 kafin ya iya narkar da abinci yadda ya kamata. Shi ya sa ake ganin saniya ta cika ciki da busasshiyar ciyawa amma tana ramewa. Duk dabarar da za ta ba da damar yanka a Satumba a kwashe cikin kwana biyu, za ta sauya darajar ingiricin yankin nan.

Na biyu shi ne filayen noman rani. Kadawa a Kano, Bakolori da Goronyo a yankin Sakkwato da Zamfara, madatsar Jibiya, filayen Ƙonni da Jiratawa a Nijar, da kuma na Bol a gaɓar Tafkin Chadi, duk suna da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ruwa. Lablab, dawar ciyawa irin wadda 'yan Sudan ke kira abu sab'in, da alfalfa, wadda manoman lambunan Agadas suka daɗe suna nomawa da hannu, duk za su iya fitowa a irin waɗannan wurare. Masu kaurin kara irin dawar ciyawa su ne ma suka fi buƙatar murza, domin in ba a fasa karansu ba sukan shafe mako ko fiye ba su bushe ba. Abin tambaya shi ne ko ciyawa za ta biya manomi fiye da shinkafa, albasa ko alkama a fili ɗaya. Kasuwa ce za ta amsa wannan, kuma amsar za ta bambanta daga wuri zuwa wuri.

Sai batun tsada. Injin daga waje ake shigo da shi da kuɗin waje. Tun bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar Naira a 2023, kuɗin tarakta, kayan gyara da sufuri sun yi tashin gwauron zabi a Nijeriya. Wuƙaƙe na dakushewa, rola na cinyewa, yashin ƙasarmu kuma ba ya raga wa ƙarfe. Yankin nan cike yake da gawarwakin injinan da aka raba da biki aka rasa makanikin da zai gyara su. Injin ba zai biya kansa ba sai yana yankar ɗaruruwan hekta a shekara, wanda ke nufin sai dai ƙungiyar manoma, babbar gonar madara, ko ɗan kasuwar da zai riƙa ba da haya kamar yadda ake yi da injin casar shinkafa da masara.

Abin da ɗan kasuwa zai ɗauka

Hikimar da ke cikin injin ba ta buƙatar tarakta kafin a yi aiki da ita. Manufar ita ce a gaggauta bushewar kara, a tsare ganye. Manomin da ya yanki harawarsa tana da sauran kore, ya baza ta ba tare da tarawa ba a yinin farko, ya juya ta, ya ɗaure ta da sassafe lokacin da raɓa ta sa ganye ya yi laushi, sa'annan ya ƙarasa busar da ita a inuwa mai iska ko kan rumfa, ya yi abin da injin ke ƙoƙarin yi. Dillalin da ke ba manoma kuɗi tun kafin kaka yana da ikon gindaya wannan sharaɗi, ya kuma ƙara wa wanda ya cika shi farashi.

A wajen saye, kada a tsaya ga girman dami. A zura hannu tsakiya a ji ko akwai ɗumi ko danshi. A shinshina: mai kyau tana da ƙamshi, wadda ta yi fumfuna tana warin gumi, in an girgiza ta kuma sai farar ƙura ta tashi. A ɗauki 'yan kara a murɗa. In sun yi laushi ko ruwa ya fito, ba su bushe ba, in kuma sun ruguje kamar toka, ganyen ba zai kai kasuwa ba. A duba gindin buhu a ga ko ganye ne ko yashi. Harawar gyaɗa mai ragowar kwanso da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar afalatoksin, wadda ke cutar da dabba ta kuma fito a cikin nono, don haka araharta ba riba ba ce.

A wajen ajiya, a ɗaga kaya daga ƙasa a kan itace ko duwatsu saboda gara da danshi, a rufe sama daga rana, a bar iska ta ratsa. Harawar da ta shafe wata biyar a kan rufin ɗaki rana na dukanta, bayanta ya zama fari fat, ta yi asarar wani kaso na darajarta kafin ma a sauke ta.

Ya kuma kamata a fara tunanin awo da sikeli. Dabba mai nauyin kilo 250 na buƙatar kimanin kilo 6 da kwata na busasshen abinci a rana, wato kusan tan 1.7 a watanni tara na rani. Manyan gonakin madara da masu kiwon turke da yawa da irin wannan lissafi suke saye, kuma ba za su ƙulla yarjejeniya da wanda ma'auninsa dami ne mai girma yau ƙarami gobe ba. Haka nan, ga mai safara, injin cure ciyawa ya fi injin yanka-da-murza gaggawa, domin motar da aka yi wa lodin sakakkiyar harawa har tana taɓo wayar lantarki, iska ce mafi yawan abin da ta ɗauko. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda aka tsara ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, curarren kaya ne zai iya ɗauka da riba.

Siyasar iyaka

Babu jarin da zai shiga wannan harka da kwanciyar hankali in iyaka na buɗewa tana rufewa. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, inda Illela da Maigatari suka kasance cikin na farko da aka buɗe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa har zuwa Maris ɗin 2024. A watan Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero, dawa, masara da shinkafa zuwa ƙasashen da ba na ƙawancenta ba, a watan Janairun 2025 ficewarta daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, sa'annan a watan Mayun 2025 ta dakatar da fitar da dabbobi gabanin layya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya taɓa mai harawa, domin in rago bai tsallaka ba, buƙatar abincinsa ta koma wani gefen iyaka, farashi ya tashi a nan ya faɗi a can.

Ingantacciyar bushewa kariya ce daga irin wannan yanayi. Kayan da aka busar daidai aka adana a inuwa za su iya jiran wata shida ko fiye har hanya ta buɗe. Waɗanda aka ɗaure da danshi kuwa, ko dai a karyar da su ko a zubar.

Hukumomin ƙasashen biyu suna da cibiyoyin da suka san wannan aiki. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana noman ciyawa da cure ta, cibiyar IITA ta fitar da irin wake mai ba da 'ya'ya da harawa tare, cibiyar INRAN ta Nijar kuma ta yaɗa injin niƙa kara da dabarar haɗa abincin dabbobi a dunƙule. Abin da ya rage shi ne a gwada injin yanka-da-murza a fili guda ko biyu na noman rani da makiyaya, a fitar da lissafin kuɗin da aka kashe kan kowane tan a bainar jama'a, a horar da makanikai kafin a yi odar injina, a kuma amince da ma'auni ɗaya na nauyi da danshi da kasuwannin ɓangarorin biyu za su yi aiki da shi.

Su kuma shugabannin kasuwannin kara da ƙungiyoyin masu sayar da abincin dabbobi, bai kamata su jira gwamnati ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Harawar da za ta ciyar da ragunan layyar watan Mayu, a watan Oktoba ake yanke hukuncin ingancinta, a gona, cikin kwana biyu ko ukun farko bayan yanka. Ɗan kasuwar da ya je can ya sa ido a kan shanya da ɗauri, shi ne zai iya tsayawa kan farashinsa in bazara ta zo.